Wa Ya Bar Famfo a Buɗe?

Auta tana tsakiyar haɗa hannun riga wayarta ta yi ƙara, kuma tun kafin ta duba ta san kukan. Na'urar nan ce da Yaya ya sa aka ɗaura a jikin babban bututun ruwan gidan Mama, wadda ba ta da aiki sai lura da ruwan da ke wucewa ta kai rahoto. Auta ta ɗauke ƙafa daga kan keken ɗinki, ta tono wayar daga ƙarƙashin tarin ƙyallaye. Saƙon da ta sani ne: ruwa yana zuba a gidan ba tsayawa, a duba.

Da kyakkyawar niyya Yaya ya sayo abin, wannan kam ba mai musu. Ruwa a unguwar Mama baƙo ne, ya zo yau ya ɗauke gobe, abin da aka tara a tankin da ke bisa rufi da shi ake lallaɓawa. Tun rasuwar Baba Mama ke zaune ita kaɗai, in kuwa bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa ba wanda zai sani sai tanki ya ƙafe. Ranar da aka ɗaura na'urar Mama ta zagaya ta, ta harare ta, ta raɗa mata suna Magulmaciya. "Ni za a kawo wa mai gadin ruwa?" in ji ta. Tana da gaskiyarta. Mace ce da ruwan ɗaurayar kaya ba ya barin hannunta sai ya goge daɓe, ragowar kuma ya je gindin shuka. Da kofi ɗaya na wanke baki ta reni 'ya'yanta, in ka nemi ƙari ta tambaye ka ko bakin naka biyu ne.

Da farko har daɗin abin Auta ta ji. Kowace safiya takan buɗe waya ta ga ɗan layin ruwan ya motsa, ta san Mama ta tashi lafiya ta ɗora shayi. Can sai Magulmaciya ta fara aikin sunanta. Saƙo yau, saƙo jibi, duk da hantsi, in aka tambayi Mama ta ce ƙarya abin yake yi. A zuwansa na ƙarshe Yaya ya faɗi abin da Auta ke gudun ji, a gaban Mama kuwa, don shi bai iya kewaye-kewaye ba.

"In bututu ne, a gyara. In kuwa ta tabbata mantuwa ce ta kama Mama, ba zan bar ta ita kaɗai ba. Ta tattara ta dawo wurina."

"Gawata za ka ɗauka," in ji Mama, ko ɗago kai ba ta yi ba.

Wurin Yaya can sama yake a wani dogon bene, ba tsakar gida, ba ƙasar da za a shuka ko da barkono, maƙwabta kowa ƙofarsa a rufe. Auta ta san uwarta, in aka hau da ita can an gama da ita. Ita kuma ba ta da inda za ta sa ta, ɗaki da falo ne da ita da miji da yara. Ga shi saƙon nan wayoyi biyu yake shiga. Yaya ya yi tafiyar aiki, yanzu haka yana cikin taro, amma da ya fito zai gani.

Saboda haka Auta ta zauna gaban keke tana addu'ar da ba a taɓa jin mai hankali ya yi ba. Allah ka sa bututu ne ya fashe. Allah ka sa ya fashe sosai, ya jiƙa bango, kowa ya gani.

Ta kira Mama, ba a ɗaga ba, wanda ba abin mamaki ba ne tunda wayar Mama a ƙarƙashin matashi take rayuwa. Ta koma kan ɗinki. Ta sake kira. Ta tashi ta jona dutsen guga, ta manta abin da za ta goge, ta dawo ta zauna. Mai shago, wadda ke yanka yadi a babban tebur, ta zo ta ɗaga rigar da ke bakin keken Auta da yatsu biyu.

"Mai rigar nan ta baya hannunta ya fito?"

Auta ta duba. Ta haɗa hannun a juye.

"Tashi ki je," in ji mai shago. "Jikinki ne kawai a nan. Kafin ki ɗinke mini wuyan wata rigar."

A tasi ba ta iya jingina ba. An shiga cunkoso, direba ya kashe mota yana ba wani labarin ƙwallo ta taga, ita kuwa ji take kamar ta sauka ta tura. Ta kira mai gyaran famfon unguwar Mama, ta ce ya bar duk abin da yake yi ya same ta a can. Sannan ta sake buɗe waya, abin da ta gani ya ƙara dagula mata lissafi. Zubar ta tsaya. Bututun da ya fashe ba ya gajiya ya tsaya don kansa, ko Auta da ba ta san komai a harkar ba ta san wannan. Ta kife wayar a cinya ta ce wa direba don Allah ya bi ta lungu.

Ta tarar da Mama a tsakar gida kan kujerarta, tsaf da ita, tana cire busassun ganye daga jikin shuka.

"Lafiya da rana tsaka? Korar ki aka yi?"

"Lafiya lau, Mama. Abin nan ne ya sake kuka."

"Magulmaciya? Ke ma dai. Ki bar aikinki don gwangwani ya yi tari."

Auta ta bi gidan famfo-famfo. Na tsakar gida a rufe, na banɗaki a rufe. Na kicin ma a rufe yake, an ɗaure shi tamau har sai da ta sa hannu biyu. Amma daɓen kicin da sanyi a tafin ƙafa, ƙasan kabad ya yi duhun jiƙa, ga tsummoki a shanye a igiya suna ɗiga. Ta ga duk wannan, ta kau da kai, ta fito.

Mai famfo ya iso da jakarsa a kafaɗa, mutum ne mai surutu wanda ko bututu yake kwancewa sai ya yi masa hira. Ya ce a tabbatar ba inda aka buɗe, sannan ya tsuguna gaban mitar ruwa. Auta ta tsuguna gefensa. Akwai wata 'yar allura a fuskar mitar, ya ce in gida lafiya yake, to yanzu ya kamata ta tsaya cak.

Allurar tana tafiya. A hankali ƙwarai, amma tana tafiya.

"Ka gani!" in ji Auta, har ta kama hannun rigarsa. "Yoyo ne, ko? Ka ce yoyo ne."

"'Yar'uwa, tunda nake aikin nan ban taɓa ganin wanda ya yi murna da yoyo ba."

Ya ɗauki doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan bututu, ya manna kunnensa a ƙotar. Haka ya bi bango yana saurare, Auta na biye da shi taku-taku, ya tsaya ta yi karo da bayansa. A ƙofar banɗaki ya daɗe. Ya ɗaga murfin tankin masai, ya leƙa, ya ce a ba shi bula.

"Bulata ta wanki za ka zuba a masai?" in ji Mama daga kujera. "Ɗan nan, ka karya kuwa yau?"

"Kaɗan zan ɗiba, Mama. In ruwa na sulalewa daga tanki, launin zai sauko ƙasa ba tare da an kora ba."

Ya barbaɗa, ruwan tanki ya yi shuɗi, ya ce a jira. Jiran nan ya fi cunkoson hanya wahala. Auta ta fita tsakar gida, ta dawo. Ta duba waya, Yaya bai kira ba. Ta gyara tsintsiyar da ba ta karkace ba. Mace da girmanta, uwar yara, ta tsaya ta zura wa masai ido kamar mai jiran sakamakon asibiti. Can sai ga wani siririn zare shuɗi ya gangaro ta gefe, ya bazu a ruwan ƙasa.

Mai famfo ya tura hannu ya ciro robar da ke toshe gindin tankin. Ta tsufa ta taurare, gefenta duk ya cinye, baƙinta ya ɓata masa yatsu. Auta ta karɓe ta hannu bibbiyu. Ta ɗauki hotonta, ta ɗauki hoton shuɗin ruwan, dariya na ƙwace mata.

"Mu ga wayar," in ji mai famfo, ya goge hannu a wando. Ya rage murya, abin da ba halinsa ba. "Kin ga siririn layin nan da ba ya yankewa? Robar nan ke nan, kuma ba ƙaramin ruwa take ci ba in aka tara. Amma wannan tudun na hantsi, roba ba ta iya shi. Famfo ne a buɗe har ƙarshe."

"Kai dai canja roba."

"Zan canja. Na dai faɗa miki ne."

"Na ji. Canja."

Ya canja, ya koma ya duba mita, allura ta tsaya cak. Yana tattara kaya ya ce, kamar da jakarsa yake magana, akwai wani irin kan famfo da ake dannawa, ya zubo na ɗan lokaci ya rufe kansa, ko mutum ya tafi ya bar shi. Auta ta juyo da sauri. Ta ce gobe ya kawo, na kicin da na banɗaki da na tsakar gida, duka. Nan take ta ga hanya ta buɗe mata. Famfo zai riƙa rufe kansa, Magulmaciya ta yi shiru, Yaya ya manta da maganar, Mama ta zauna a gidanta.

Mai famfo na fita wayar ta yi ƙara. Yaya ne.

"Na ga saƙo yanzu. Kina ina?"

"Ina gidan. An gano abin, Yaya. Robar tankin masai ce ta cinye, ruwa yake ta sulalewa. Ga hoto nan na tura maka. An ma canja."

Ba ta yi ƙarya ba, kalma ɗaya ba ta ƙara ba, amma ba ta faɗi sauran ba. Ta ji Yaya yana buɗe hoton. Sai ya sauke wani dogon numfashi.

"Alhamdu lillahi. Wallahi Auta, tun da na faɗi maganar nan ban sake barcin kirki ba. Kina tsammani ina so in raba ta da gidan ne? Tsoro nake ji kawai." Ya yi gyaran murya. "Ki ce mata ta yi haƙuri, na yi mata rashin kunya. Roba! Kai, Allah na gode."

Auta ta kashe waya ta tsaya a tsakar gida. Ta yi nasara, kuma tausayin yayanta ya kama ta har ta rasa inda za ta sa kanta. Kujerar Mama ba kowa. Ta nufi ɗaki tana shirya fara'a a fuska.

"Mama, an wanke ki! Ɗanki ya ce a ba ki haƙu..."

Babban akwatin da ke saman kabad yana kan gado a buɗe. Yadda Mama ta sauko da shi ita kaɗai, Allah ne ya sani. Tana zaune gefensa tana ninke zannuwa, tana jera su a ciki ɗaya bisa ɗaya.

"Me kike yi haka?"

"Kunnena ƙalau yake, na ji abin da ɗan nan ya gaya miki. Na kuma ji abin da kika gaya wa yayanki."

"Ai gaskiya na faɗa. Gobe za a kawo wani famfo mai rufe kansa, shi ke nan, ba wanda zai..."

"Zauna, Auta."

Ta zauna a bakin gado. Mama ta shafa zanen da ke cinyarta, ta daidaita gefensa.

"Ɗazu na shiga kicin na tarar da famfo a buɗe, ruwa har ƙofa. Raina ya ɓaci. Na rufe, na fito tsakar gida ina faɗa, ina cewa wane marar tarbiyya ne ya bar mini famfo haka, ya fito in gan shi. Na daɗe ina faɗa. Har ɗakinku na leƙa." Ta ɗago ta dubi 'yarta. "Auta, ni kaɗai ce a gidan nan."

 Hawaye suka zubo wa Auta, ba ta ko share ba.

"Ɗan nan zai kawo famfo mai rufe kansa," in ji Mama. "Murhun gas ɗin fa, shi ma yana da irinsa? Ƙofar gida fa?" Ta sa zanen a akwati ta danna shi da tafin hannu. "Gara in tafi yanzu da ƙafata, ina sane da inda za ni. Kira shi ki gaya masa sauran."

"Mama, ke kika ce sai gawarki."

"Na faɗa. To ba a bar mutum ya yi cika baki a gaban 'ya'yansa?"

Ta miƙo hannu ta ɗauki wayar daga cinyar Auta, ta juya ta, ta rasa inda ake dannawa, ta mayar mata.

"Kira. Kuma ki tambaye shi, ɗakin da ya ce zai ba ni, tagarsa tana kallon titi? In ba zan fita ba, in riƙa ganin masu wucewa."