Sarƙa a Tayar Baffa Ya'u

Sabitu ya fito ne ya ɗauko bargo daga cikin mota, sai ya tarar an ɗaure tayar gaba da sarƙa, an garƙama mata ƙaton kwaɗo. Ya tsaya yana kallo da makullin mota a hannu, kamar bai gane abin da idonsa ke nuna masa ba.

"Kai ne mai wannan Fijo?" Wani mai gadi ne cikin riga mai ruwan ɗorawa ya taso daga inuwa. "Wurin nan na masu shiga kantuna ne. Kai asibiti ka shiga, na gan ka. Tararka naira dubu ashirin ce."

"Mara lafiya na kawo, bawan Allah. Numfashinsa na ɗaukewa. Ina ka ga wurin tsayawa a bakin asibitin?"

"Ni ma aiki aka sa ni. In kana da magana, manaja yana sama."

Motar ba ta Sabitu ba ce. Ta maƙwabcinsa ce, Baffa Ya'u, wanda katanga ɗaya ta raba gidajensu a Fadaman Mada. Baffa ya yi rayuwarsa yana tuƙin motar ma'aikata har ya yi ritaya, wannan tsohuwar Fijo ita ce abin da ya fito da shi. A cikinta ya koya wa Sabitu tuƙi bayan rasuwar mahaifinsa, shi ne kuma ya karɓa masa aure. Da safiyar nan Inna Rabi'atu, matar Baffa, ta buga masa ƙofa ko mayafi ba ta yafa ba. Sabitu ya bar keken ɗinkinsa da rigar wani a ƙarƙashin allura, ya sungumi tsohon, ya garzayo wannan asibitin kuɗi da ke bakin unguwar Jiyare. Ƙofar asibitin a cunkushe take, ya kutsa farfajiyar wasu kantuna da ke tsallaken titi, ya kashe mota.

Ya koma ɗakin da aka kwantar da Baffa, da bargon a hannu. An sa wa Baffa robar iska a hanci, ƙirjinsa na hawa da sauka da ƙyar. Sabitu bai yi niyyar faɗa ba, amma Inna ta karanci fuskarsa, ta tambaya, ya gaya mata a hankali. Ashe tsohon yana ji.

"Akwai allo?" Baffa ya ce, murya can ƙasa.

"Wane allo, Baffa?"

"Wanda ya ce kada a tsaya."

"Ban ga komai ba. Sai yanzu mai gadin ya nuna min wani ɗan ƙarfe a bayan janareta, rubutun ma ya goge."

Baffa ya lalubo hannunsa ya riƙe. "To kada ka ba su ko kwabo. Ban taɓa biyan tarar zalunci ba. Kada a fara da ni a kwance."

"Malam, ka bar maganar mota," in ji Inna. Ta juyo wurin Sabitu. "Ɗana, in kana da su ka biya ka dawo ka zauna. 'Yarmu Zubaida ta taso daga Gombe, in ta iso za ta mayar maka."

Yana da su. Kuɗin ɗinkin wani biki na cikin asusunsa, taɓa waya kawai zai yi. Amma ya dubi Baffa, sai ya ga tun safe yanzu ne idanun nan suka buɗe sosai, da irin hasken da yake gani a cikinsu in ana gardama a ƙofar gida bayan la'asar. Ya ce a ransa, mutumin da ke da ƙarfin rigima ai da sauransa.

"Bari in je in ga manajan," ya ce. "Yanzu zan dawo."

Manajan matashi ne mai ƙaramin ofis da fanka. Ya bar Sabitu a tsaye yana amsa waya, sannan ya ce doka ce, kamfani ne ya sa, ba shi ba. Sabitu ya ce a sauka a ga allon. Suka sauka. Masu kantuna suka fara taruwa. Wata mai sayar da atamfa ta ce ita ma an taɓa yi wa ƙanwarta haka. Wani ya ce gaskiya rubutun ba ya karantuwa. Wani kuma ya ce wurin mutane ne, kowa ya san ba a ajiye mota a filin wani. Sabitu ya ɗauki hoton allon da wayarsa, ya ce zai kai ƙara duk inda ake kaiwa. Muryarsa ta yi ƙarfi, ya ji kalmomin Baffa ne ke fita daga bakinsa, har wani daɗi ya ji.

Wayar ta yi ƙara a hannunsa. Inna ce. Daidai lokacin manajan ya fara sosa ƙeya yana cewa, "To, a kawo rabi mu rufe maganar." Sabitu ya danne kiran. Ya ce ko rabin ba zai bayar ba. Wayar ta sake yin ƙara, ya jefa ta aljihu.

Mai atamfar ce ta taɓa masa hannun riga. "Malam, waccan tsohuwar ba kai take nema ba?"

Inna Rabi'atu ce ke tsallako titi ba takalmi, ba ta duban motoci. Wani mai a-daidaita-sahu ya taka birki ya kauce mata. Ba ta kuka. Ta zo ta tsaya a gabansa, ta dubi sarƙar, ta dube shi.

"Sabitu, a kwance motar. Za mu kai shi gida."

Wani ya fara salati a hankali, sauran suka amsa. Sabitu ya dafa bayan motar, ƙarfen ya ƙona masa tafin hannu, bai ɗauke ba.

Manajan ya yi gyaran murya. "Allah Ya jiƙansa. Wallahi da a hannuna ne... An riga an shigar da lambar a na'ura. Sai in kira oga a Abuja, in ya ɗauka."

Sabitu ya sa hannu a aljihu. Ya ciro wayar, ya tura kuɗin gaba ɗaya, ya juya wa manajan fuskarta ya gani. Mai gadin ya durƙusa yana buɗe kwaɗon, makullin ya faɗi ya sake ɗauka. Da aka fito da Baffa a lulluɓe, mai gadin ne ya kama wajen ƙafafu.

A hanya Inna ta zauna a baya, kan mijinta a cinyarta. Sabitu yana tuƙi a hankali, yana kauce wa ramuka. Sun wuce kasuwar Wunti kafin ya iya buɗe baki.

"Inna, ya neme ni?"

Inna ta ɗora hannu a kafaɗar mijinta.

"Ya ce, 'Sabitu ya dawo?' Na ce yana hanya. Ya ce, 'Sun kwance?' Na ce masa sun kwance, ba ka ba su komai ba." Ta gyara mayafin da ke fuskarsa. "Ya yi murmushi. Daga nan sai kalmar shahada. Allah Ya yafe min ƙaryar."

Titi ya dushe a idon Sabitu. Ya gangara gefe ya tsaya, ya kifa goshinsa a kan sitiyari. Inna ba ta ce ya yi haƙuri ba, ba ta ce ya tashi ba. Ta bar shi har ya ɗago da kansa.

An yi jana'iza bayan la'asar. Zubaida ta iso ana fita da makara, ta zube a zaure. Maza suka dawo daga maƙabarta da jar ƙasa a ƙafafun wandunansu, suka zauna a tabarmi, ana shigowa ana gaisuwa. Wani ya tambayi Sabitu ko yana wurin lokacin da rai ya yi halinsa. Ya ce yana kusa.

Da aka kira magariba suka shiga ƙaramin masallacin unguwa. Aka tayar da iƙama, kowa ya nufi inda ya saba tsayawa. A sahun gaba, can dama kusa da taga, aka bar gurbin mutum ɗaya inda Baffa ya saba tsayawa, ba wanda ya shiga. Liman ya waiwayo ya ce a daidaita sahu. Mutane suka dubi ƙasa. Sabitu ne na kusa. Ya ɗan jima a tsaye, sannan ya matsa ya shiga gurbin, kafaɗarsa ta taɓa bango.