Kambas ɗin Basiru

Malam Sha'aban malamin lissafi ne a wata firamare da ke gefen Tsanyawa. Yana da shekara arba'in da huɗu nas ta auna shi ta ce jininsa ya hau. Ta ba shi magani, ta ce ya rage gishiri, ya kuma riƙa 'yar sassarfa da safe. Rabonsa da gudu tun yana sakandare. Takalmin gudu kuwa ɗaya ne tak a gidan, wani farin kambas na ƙaninsa Basiru, wanda ya rasu damina biyu da suka wuce.

Soja Basiru yake son shiga. Kullum bayan sallar asuba sai ya bi siririyar hanyar da ta ratsa gonakin gero, ya kai bakin rafi ya juyo. Wata Laraba bai dawo ba. Masu sammakon noma suka tarar da shi kwance a gefen hanya, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Likita ya ce zuciya ce.

Sha'aban ya ciro takalmin daga bayan ƙyaure, ya kaɗe yanar gizo, ya zura. Ya ɗan matse masa yatsu, amma ya ce zai saki.

Safiyar farko, yana ratsa tsakar gida, Inna, mahaifiyarsu, ta ji takun takalmin, ta yi magana daga ɗakinta.

"Basiru, ka sha ruwa kafin ka fita."

Ya tsaya cak. Can ta yi salati, ta ce, "Sha'aban, kai ne? Jeka, jeka."

Ya fita. Ya yi gudu iya ƙarfinsa, rabi a gona rabi a kan kwalta, har numfashi ya gagare shi. Haka ya yi kwana shida a jere. Ƙwaurinsa na dama ya fara zogi kamar ana tsaga ƙashin da wuƙa, farcen babban yatsansa ya yi baƙi. Abin da ya fi damun sa shi ne yadda takalmin ke karkatar masa da ƙafa waje, duk ƙoƙarinsa na taka ta daidai.

Matarsa Ramlat tana shara ta bi shi da kallo. "Malam, wallahi tafiyarka ta canja. Tafiyar marigayi kake yi."

Baba Sama'ilu ma, mai gonar da ke kan hanyar rafi, ya tare shi a ƙofar masallaci. Ya ce kwana uku yana ganin sawun takalmin Basiru a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya san shi sarai, har ya daina fita gona sai rana ta ɗago.

Ranar kasuwa Sha'aban ya ɗingisa zuwa rumfar Kallamu, mai sayar da takalman gwanjo, da kambas ɗin a leda. Kallamu ya juya shi, ya shafa ƙasansa.

"Ni na sayar wa ɗan'uwanka wannan. Allah ya jiƙan sa." Ya nuna diddigen. "Duba nan, gefen waje duk ya cinye. Haka shi yake taka ƙasa. Sosonsa ya mutu, ya riga ya kwanta da ƙafar mai shi. Kai kana sa wa, dole ya ja ka inda ya saba."

"Ashe ba aljanu ba ne," in ji Sha'aban, yana ƙoƙarin dariya.

"Ni takalmi na sani, Malam."

Kallamu ya ce gara da ya zo da la'asar, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ya sa shi ya gwada uku da safa a ƙafarsa, yana danna babban yatsan hannu a goshin kowanne don ya ga akwai sarari. Suka tsaya kan wani shuɗi mara nauyi, mai taushin ƙasa, wanda diddigensa bai ci ba.

"Ka huta sati biyu tukuna. In ka koma, gudu kaɗan tafiya kaɗan, yau ka yi gobe ka bari. Ka rabu da kwalta. In ciwon bai lafa ba, koma asibiti."

Da ya dawo gida, Inna ta miƙo hannu. Ya ba ta ledar. Ta wanke farin kambas ɗin da kanta, ta shanya, ta shige da shi ɗaki.

Ciwon ya lafa. Kafin gero ya fitar da kai, Sha'aban yana iya sassarfar minti ashirin ba tare da zogi ba.

Sabon takalmin ba ya yin ƙara ko kaɗan in an taka. Wata safiya, a inda gero ya rufe hanya dama da hagu har ya fi tsayin mutum, ya ji taku a bayansa, mai sauri, na wanda ya saba gudu. Ya rage sauri, ya raɓe jikin kunya don ya ba da hanya. Ya jira. Ba wanda ya wuce, sai ganye da ke ɗigar da raɓa.

Ya karanta Ƙulhuwallahu ƙafa uku, ya shafa. Sannan ya duba agogo, ya ga saura rabin awa a buga ƙararrawar makaranta, ya juya gida a hankali.