Sumar Haggai

A gidanmu da ke Rikoto, ɗa namiji soja ake haifarsa. Baba saje ne mai ritaya, yayyena Philemon da Joel duk suna bakin aiki. Hotunansu da kaki na rataye a falo, kusa da su kuma Baba ya kafa wata ƙusa da ke jiran hoton autanmu Haggai. To, Haggai gajere Allah ya yi shi.

Sau uku yana zuwa ɗibar sojoji, sau uku sandar awo tana koro shi gida. A gudu ba mai kama shi, buhun dawa shi kaɗai yake ɗagawa, amma wa ya damu? Guntu ake ce masa, har a ƙofar coci. Na taɓa iske shi yana lilo a reshen mangwaro, wai ko ƙashinsa zai miƙe. Na yi dariya, kuma har yau ina jin haushin kaina.

Bana ce damarsa ta ƙarshe, shekarunsa sun kai iyaka. Sai ya tara suma wata biyar, kullum yana taje ta sama.

"Yaya Rachel, abin da ya rage min bai kai faɗin yatsa ba," ya ce min. "Sumar nan za ta cike."

"Haba Haggai! Jikinka me ya rasa? Gonarmu ta Dabai ma ai aiki ce."

"Ke ba wanda ya kafa miki ƙusa."

Ranar ɗiba da safe Baba ya fito tsakar gida da reza da kujera. Al'adarsa ce, duk ɗan da zai tafi shi ke yi masa aski ƙwal, ya dafa kansa ya yi addu'a. Sau ukun baya bai yi wa Haggai ba, don bai sa rai ba.

"Zo nan, sojana," in ji Baba.

Bai taɓa kiransa haka ba. Na buɗe baki zan yi magana, Haggai ya girgiza min kai, ya zauna yana murmushi hawaye na zuba. Ni na share sumar bayan sun tashi.

Da la'asar Haggai ya dawo, ko sallama bai yi ba. Baba ya tambaye shi nawa ya rage. Ya ɗaga yatsu biyu, tsakaninsu da ƙyar ƙwayar dawa za ta wuce. Baba ya miƙe. Ya shiga falo, muka ji yana fama da ƙusar har ta fita.

Na san ko da sumar, mai awo danne ta zai yi. Na kasa faɗa wa Haggai, zuciyata ta karye. Ya tsuguna gefena yana shafa kansa.

"Yaya," ya ce a hankali, "ina kika zubar da ita?"