Jar Tutar Auta

Ni na fara jin zuwansu, tun karnukan layinmu ba su ɗaga kunne ba. Ina zaune a rumfar facina sai na ga ruwan bahon gwada taya yana rawa shi kaɗai. Mutumin da mota ta taka sau biyu ya tashi ya karkaɗe rigarsa, ai ba a koya masa muryar ƙarfe. Na ce tankokin yaƙi ne.

Na faɗa gidan maƙwabcina Saje, tsohon direban tanka. Ciwo ya cinye shi har zobensa na zamewa daga yatsa. Abu ɗaya ya rage masa a rai: ya ga ɗansa Auta, wanda ya gaje shi a aikin, aka kuma hana shi hutu. Dama an ce ayarinsu zai ratsa layinmu zuwa bariki.

"Ga su nan tafe," na ce. "Yau Auta zai tsaya ya gaishe ka."

"Kai dai faci ka sani," in ji shi, murya kamar ta sauro. "Tanka ba ta tsayawa a titin jama'a don gaisuwa. In ya tsaya, ba ɗana ba ne."

"To ka ci dokarka ka ƙoshi, mai taurin kai," in ji matarsa, tana goge ido da bakin mayafi.

Ni kaɗai na ciccibe shi da kujerarsa zuwa ƙofar gida. Matar za ta ce ta kama ƙafa ɗaya. Ku ƙyale ta.

Ƙofarsu tana daidai kwana, kwanar kuwa matsattsiya ce. Saje ya sha cika min kunne da dokar: a irin wannan wuri dole soja ɗaya ya sauko, ya yi gaba a ƙafa da jar tuta yana nuna wa direba hanya. Ga tanka ta ɓullo a hankali, an sa wa sarƙar ƙafafunta roba don kada ta yanka kwalta. Ga mai tuta yana tafiya da baya da baya, fuskarsa na kallon direba. Tun daga ƙeyarsa na gane shi. Auta ne, ya bar wa abokinsa tuƙi.

Bai tsaya ba. Da ya zo daidai mu ya ce, "Baba, ya jiki?"

"Idonka a kan sarƙa, ja'iri. Ɗaga tutar sama."

Yaron ya ɗaga. Ɗaya hannun kuma ya miƙo shi ta gefe, bai waiwayo ba. Saje ya kama yatsun, suka zame a hankali, ayari ya wuce.

"Mai Faci, duba min kwalta," in ji Saje.

Na durƙusa na shafa kwanar kaf. "Ko ƙwarzane babu."

"To, ya iya," ya ce, har da ɗan murmushi.

Kafin inuwar katanga ta kai bakin kwata Saje ya cika, tafin hannunsa a buɗe a kan gwiwa.

Kujerar na nan a ƙofa, matarsa ta hana a shigar da ita, ta ce Auta zai zauna in ya samu hutu. Wanda ya ce na ƙara gishiri, ya zo ya durƙusa ya shafa kwanar da hannunsa. In ya sami ƙwarzane, ni zan riƙa yi masa faci kyauta har in mutu. Ni kuwa ba sauri nake ba.