Muryar Mai Jan Mayafi

A Tamaske duk wanda ya haura shekara talatin ya san muryar Kalla. Shi ke da rumfar kallo a bayan tasha, kuma yana da wata ɗabi'a: in ya sa kaset ɗin majigin zane, sai ya kashe muryar tele, wato talabijin, ya tsaya a gefe yana yin maganar kowa na cikin majigin da Hausa. Jarumin nan mai tashi sama shi ya raɗa masa suna Mai Jan Mayafi, ya kuma ba shi murya mai kauri ta dillalin albasa. Matarsa Biba tana sayar da gyaɗa a ƙofa, tana mita wai ƙaton mutum ya zauna yana wasa da 'yan yara, alhali kunnenta na ciki.

Wayoyi suka zo suka kashe rumfar. Bara kuma ciwo ya kayar da Kalla, ya shanye masa ɓarin jiki, ya tafi da harshensa. An sha rubutu, an je asibitin mishan, likita ya ce a yi haƙuri. Biba dai ta ƙudurta a ranta cewa in ya ga Mai Jan Mayafi bakinsa zai buɗe, don bai taɓa iya yin shiru a gabansa ba.

Kaset ɗaya ya rage a ƙasan akwati, na'urar kunna shi kuwa ta daɗe da mutuwa. Da cigiya ta ji labarin Jonatan, mai gyaran rediyo a Madawa, wanda ba ya zubar da tsofaffin kaya. Ranar kasuwa ta sa aka ɗora Kalla a mota, ta rungume shi har can.

Jonatan ya jawo wata tsohuwar na'ura, ya hure ƙura, ya tura kaset. Abin mamaki, ya yi. Ga dogayen gidajen nan, ga gada tana tsagewa da jirgin ƙasa a kanta, ga jan mayafin yana kaɗawa kamar zanen da aka shanya. Har Jonatan ya ajiye aikinsa, yana cewa masu zanen zamanin da sun san hannunsu.

Sai jarumin ya yi magana da bakin Turawa, da wata siririyar murya ta hanci. Biba ba ta taɓa jin ta ba. Ranta ya ɓaci, kamar ta tarar da baƙo a ɗakinta.

"Ɗana, kashe muryag ga," in ji ta. "Ba tashi ba ta."

Ya kashe. A daidai wurin nan ne a da Kalla ya saba cewa mutanen jirgi su kwantar da hankalinsu. Biba ta juya gare shi. Idonsa na kan tele, leɓensa na rawa, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Malam, hwaɗi mana. Ga shi nan ya iso."

Iska kawai ta fito, sai yawu. Ta so ta faɗa a madadinsa, ta tarar ba ta riƙe kalmomin ba, amon kaɗai ta riƙe. Nan ta san ba za ta sake jin sa ba, kuma ba a taɓa ɗaukar muryar a ko'ina ba.

A cikin tele Mai Jan Mayafi ya tallabe gadar, kowa ya tsira, mutane suna ta ɗaga hannu. Bakin jarumin yana motsi. Biba ta kama bakin gyalenta ta share wa mijinta haɓa.