Labari Mai Lamba Goma Sha Huɗu

A ɗakin sama na wani tsohon gini a unguwar Soho ta Landan, alƙalai uku suka zauna kan labaran fim da aka turo gasa. Doka biyu ce. Ba a sa sunan marubuci, lamba kawai, sunan yana cikin ambulan a rufe. Kuma duk wanda ya ƙi labari dole ya faɗi inda ya gaza.

Desmond Pargeter, mai sharhin fina-finai da duk Landan ke tsoron alƙalaminsa, kwana uku bai ci abincin kirki ba. Lamba goma sha huɗu ce ta hana shi. Labarin wata 'yar wasa ne da ta faɗo daga benen wani otal a yankin Cornwall ana tsakar ɗaukar fim. Haka wata 'yar wasa ta gaske, Isolde Carne, ta mutu shekara ashirin da suka wuce, 'yan sanda suka ce tsautsayi ne. Desmond ne kaɗai ya san ba haka ba ne. In aka yi fim ɗin nan, za a tono maganar.

"To sarkin gyara, shayinka ya huce," in ji Morwenna, shugabar kwamitin. "Yau ba wanda za ka yanka?"

Ivor Blythe, wani dattijo da aka kawo don labaran laifi, ya tura masa farantin biskit. "Ni dai goma sha huɗu ta shiga raina."

"Shirme ne," Desmond ya ce.

"Dalili, malam," in ji Morwenna. "Ka san doka."

Ya yi niyyar cewa hirar cikin labarin ba ta da armashi, ya tsaya nan. Amma shekara talatin yana gyara wa marubuta aiki, bakinsa ya riga shi.

"Wai makashin ya hankaɗa ta, ga mutum arba'in a ƙasa suna ji? Haba! Wa zai yarda? Mai hankali ba ya taɓa ta. Sai ya kwance ƙarfen riƙo na bene, ya zare ƙwan fitila na hawa na uku, ya aika mata cewa darakta na kiranta. Shi ke nan."

Ruwan sama kawai ake ji a taga.

Morwenna ta buɗe shafukan a hankali. "Ban rubuta hawa na uku ba."

"Ba ki... me?"

Ta yage ambulan ɗin, ta ajiye katin a gabansa. Morwenna Carne. Sunanta kafin aure.

"Isolde ƙanwata ce. Da gangan na lalata wurin nan a labarin, Desmond. Na san ba za ka iya gani ka ƙyale ba."

Ivor ya goge garin biskit daga rigarsa. "Ƙwan nan mun tsince shi a cikin tukunyar fure. Ba mu taɓa gaya wa jarida ba. Ni ne ɗan sandan da ya riƙe binciken."

Desmond ya juya wajen ƙofa. Wasu 'yan sanda biyu na hawowa benen, ba sa sauri.