Gurbin da Aka Hana Kowa

Shekara talatin da biyu Berislav ya yi yana duba tikiti a jiragen ƙasan da ke tashi daga garin Vinkovci, kuma abu biyu aikin ya bar masa: ciwon gwiwa da rashin yarda da ɗan Adam. In ka yi masa murmushi, sai ya laluba aljihunsa. In ka ce masa ina kwana, sai ya duba agogo. Ya ajiye aiki, amma hali zanen dutse ne, idon nan na neman mai laifi bai yi ritaya ba.

Duk watan Agusta shi da matarsa Nevenka sukan ɗaure tanti a kan mota su gangara bakin teku, kuma zaɓen sansanin da za a sauka aikinsa ne shi kaɗai. Yana da sharuɗɗansa. Ƙasa kada ta zama kwari inda ruwan sama zai kwanta. Inuwa ta faɗo da tsakar rana, don inuwar safe ba ta da amfani ga kowa. Bayan gida ya kasance inda gwiwa za ta iya kaiwa amma hanci ba zai sani ba. Uwa uba, a sami katanga tsakaninka da tsaunin Velebit, domin iskar da ke gangarowa daga can ba ta sallama, ta sha kwashe tantin mutane ta kai teku da kayan shayinsu a ciki.

A da su uku suke zuwa. 'Yarsu Tihana ce ke riƙe masa fegin tanti yana bugawa tun tana 'yar shekara shida. Amma da ta kawo wani saurayi mutumin bakin teku mai suna Lovre, sai Berislav ya sa wani abokinsa ɗan sanda ya tono masa asalin yaron a ɓoye. Ba a sami komai ba. Tihana ta ji labari, ta kwashe kayanta, suka yi aurensu suka tafi Jamus. Shi kuma don borin kunya ya ce kada a ƙara ambatar sunanta a gidansa. Yau shekara bakwai ke nan kujerar baya ba ta ɗaukar kowa sai tukwane.

To, bana sai Nevenka ta ɗora yatsa a kan taswira ta ce, "Nan za mu."

Matar da a shekara talatin da shida na aurensu ba ta taɓa tambayar ina aka nufa ba! Berislav ya ajiye abin a ransa. Ruwa ba ya tsami banza.

A hanya ya gwada ta. Da suka wuce garin Karlobag ya tsaya a wani sansani mai kyau, har da katangarsa.

"Nena, ga wuri nan. Me ya rage shi?"

"Hayaniya ta yi yawa."

"Wace hayaniya? Tsofaffi biyu ne ke karanta jarida."

"To, jaridar ce ke damuna. Ja mota, Sufeto."

Haka take kiransa in tana son ta tsokane shi, amma yau muryarta ba ta tsokana ba ce. Bayan tafiya kaɗan ta ce ya karya dama daidai wani rusasshen ɗakin ibada. Babu allo a wurin, babu alama, hanyar ma sai ka san da ita za ka gan ta.

"Ya aka yi kika san kwanar nan?"

"A taswira na gani."

Taswirar tana ninke a ƙarƙashin cinyarsa tun daga garin Senj.

Nan fa lissafi ya fara haɗuwa a kansa. Sau biyu a shekara Nevenka takan ce za ta Zagreb wurin ƙanwarta, ta yi mako guda. Takan dawo fatarta ta yi duhu, da busasshen ɓaure cike da jaka. Yaushe rana ta fara ƙona mutane a hawa na shida na bene a Zagreb? Yaushe ɓaure ya fara tsirowa a kan kwalta? Shi da ya kama dubban maƙaryata a jirgi, ashe babbar tana kwana a gefensa. Kishi tsagwaronsa ya kama shi, kuma ya ji kunyar kansa, mutum mai shekara sittin da shida. Ya ƙudura a ransa cewa in abin da yake zargi ya tabbata, ba tanti kaɗai zai naɗe a wurin nan ba, har da auren.

Sansanin ƙarami ne, a cikin wani lungun teku, zaituni da ɓaure sun yi masa rumfa. Wani baƙin kare ya taso da haushi, yana ganin Nevenka ya kwantar da kunne ya hau kaɗa jela. Kare dai ba ya iya ƙarya. Bayansa wani dattijo ya fito, dogo, farin gashi, ƙirji a buɗe irin na masunta.

"Maraba, maraba! Ni ne Frane, nan kowa Barba Frane yake ce mini, wato Kawu Frane. Ku zauna ku sha kofi tukuna, tanti ba ya gudu."

Ya kawo kofi biyu. Na Berislav da sukari a gefe. Na Nevenka ba sukari, da ɗan ɓawon lemun tsami a kan faranti, yadda take sha a gida, kuma ba wanda ya tambaye ta. Berislav ya dubi kofin, ya dubi dattijon, ya ga ashe har haƙoransa ma cikakku ne, abin ya ƙara ɓata masa rai.

"Barba, ka iya duba ne? Ya ka san ba ta shan sukari?"

Frane ya yi tari. "Ai matan da ba na bakin teku ba duk haka suke."

"Allah? Uwata cokali uku take zubawa."

"Bero, sha kofinka," in ji Nevenka, idonta a ƙasa.

Da suka tashi ganin wuri, ita ce a gaba. Akwai wani reshen zaitun da ya sunkuyo a kan hanya, ta duƙa ta wuce ba tare da ta ɗaga kai ba. Shi kuwa reshen ya daki goshinsa.

Ko'ina a cike yake, kamar kullum a Agusta. Motocin kwana na Jamusawa sun jeru hanci da hanci, 'yan Cek sun kafa tantunansu har bakin famfo. A gaban kowane gurbin kafa tanti akwai dutse da aka rubuta sunan mai shi da fenti, yadda ake yi wa waɗanda ke dawowa duk shekara, ba mai taɓa wurin wani ko da bai iso ba. Frane ya ratsa da su har ƙarshe, ya tsaya ƙarƙashin wani babban ɓaure.

Berislav ya ƙare wa gurbin kallo. Ƙasa a shimfiɗe, ta ɗan karkata zuwa teku. Katangar duwatsu ta tare gefen tsauni. An ɗaura rumfar yadi daga reshen ɓauren zuwa wani ƙarfe. Teku ga ta nan, taku ashirin. Dutsen gurbin kuwa an kife shi, fuskarsa a ƙasa.

"Wuri irin wannan ba kowa, a Agusta?" Ya juya ga Frane. "Me ke cikinsa? Macizai? Ko masai ne ya fashe a ƙasa?"

"Lafiyarsa lau. Wani Bajamushe ma shekara uku yana naci a kansa, har da kawo mini giya. An ce a bar shi, mai shi yana hanya."

"Wa ya ce?"

"An dai ce." Frane ya sosa ƙeya, ya ce yana da kifi a kan wuta, ya sulale.

Berislav ya shiga aikinsa. Ya tsiyaya ruwan gora a tsakiyar gurbin, ruwan ya gangara ya bi wata 'yar magudana da aka haƙa, daidai yadda shi yake haƙawa. Ya durƙusa da gwiwar tasa mai ciwo ya shinshina ƙasa, ba wari. Ya nemi layin tururuwa bai gani ba. Ya auna taku zuwa bayan gida, sittin, adadin da ya daɗe yana cewa shi ne daidai. Ya duba inuwa, rana na tsaka, ta rufe wurin ruf. Da ya sami aibi ko ɗaya da hankalinsa ya kwanta. Rashin aibin ne ya tabbatar masa: wani ya san sharuɗɗansa kaf, kuma baki ɗaya ne zai iya kai su nan.

Ya miƙe yana huci.

"Sau nawa kika zo nan?"

Nevenka ta zauna a kan katanga, ta haɗe hannuwa a cinya. "Sau goma."

Bai zaci za ta amsa da sauƙi haka ba. Ya so ta musa, ko don ya sami abin yi da fushinsa.

"Zagreb ɗin ke nan? Ƙanwar taki ce mai farin gashi a ƙirji? Har sirrin tantina kika kwashe kika kai masa! Kuka shirya mini wuri mai daɗi, in zauna a inuwa kamar wawa, ku kuna..."

"Kai, Bero! Barba Frane? Mutumin da ke barci tun kafin a kwashe kwanukan rana?" Ta yi wata dariya marar daɗi, hawaye na biye da ita. "Na yi maka ƙarya, ban musa ba. Sau goma, kuma da za a sake, sai in sake. Amma kai ne Sufeto. Ka shinshina ƙasa, ka ƙirga taku, ƙarasa bincikenka mana. Ɗaga kanka."

Ya ɗaga kai don kawai ya nuna mata ba abin da zai gani. Sai idonsa ya sauka a kan igiyar rumfar.

Ya san ƙullin nan. Kakansa mai fito a kogin Sava ne ya koya masa, zagaye biyu a lanƙwasa a cusa ta ƙasa, iska na ja yana ƙara kamawa. Masuntan teku ba sa yin irinsa. Amma wannan a juye yake, daga hagu aka fara shi. Frane da dama ya zuba kofi, Berislav ya lura, ai ba abin da ba ya lura da shi. Mutum ɗaya ya taɓa koya wa ƙullin nan a duniya, kuma ya sha yi mata faɗa don ta ƙi yin sa da dama, Tihana bahaguwa ce tun tana goye.

Ya sake durƙusawa, ya sa hannu biyu ya birkice dutsen.

BERISLAV, da shuɗin fenti, sabo fil.

Har a lokacin halin bai sake shi ba. Ya sa farce ya kankare gefen harafin farko, don ya ga ko jiya aka rubuta saboda a rufe masa baki. Ƙarƙashin shuɗin akwai fari. Ƙarƙashin farin akwai ja, sannan kore, sannan wani shuɗin da rana ta cinye. Fenti biyar, shekara biyar.

"Shekara biyu kawai suka yi a Jamus," in ji Nevenka a bayansa. "Frane kawun Lovre ne, filinsa ne, su suka gyara shi. Gurbin nan ta fara sharewa kafin ta gina ɗakin kwananta. Duk bazara sai ta sake fentin, ta ce ƙila bana. Ni na ce a kife dutsen yau, don na san in ka ga sunanka tun daga nesa za ka ce tarko ne ka juya mota. Kai ka hana a ambaci sunanta a gidanka. Ni kuwa ni na haife ta."

Berislav bai iya juyowa ba. Kunya ta rufe shi. Tun safe yake farautar maƙaryaci, ga shi ya kama wanda ya sa aka yi ƙaryar, durƙushe da fenti a farcensa.

Ya ji takun ƙafa a kan tsakuwa. Wata mace ta tsaya a bakin inuwar, rana ta ƙona ta, ga 'yar furfura guda biyu a gaban goshi waɗanda bai san lokacin da suka fito ba. Guduma na hannunta na hagu, jakar fegi a na dama.

"Baba," in ji Tihana. "Wurin ya yi, ko a duba maka wani?"

Ya dubi katangar, ya dubi magudanar, ya dubi ƙullin nan na hagu.

"Aibinsa ɗaya," ya ce da ƙyar. "Mai shi ya yi latti."

"Ai mun saba da lattin jiragenku."

Ba ta rungume shi ba, shi ma bai san ta inda ake farawa ba. Nevenka ta je mota ta jawo tantin, suka baza shi su uku, kowa ya kama kusurwar da ya saba kamawa. Tihana ta miƙa masa gudumar, ta tsuguna ta kafa fegin farko a gefen tsauni, ta riƙe shi da yatsunta kamar da.

Berislav ya ɗaga gudumar, sai ya ga fegin ya zama biyu, hannun ya zama huɗu, idonsa ya cika taf. Ya tsaya da ita a sama, yana tsoron ya sauke a kan yatsunta.

"Cire hannunki, ba na gani sosai."

Ba ta cire ba.

"Buga, Baba," ta ce. "Ni na yarda da kai."